Romon Taliya da Naman Kaza

Naman kaza ba naman tsuntsu ba ne. Tsiro ne mai kama da laima. Yakan fito da damina a gindin suri, ko jikin ruɓaɓɓen itace. Ran da babu nama a gida, shi ma yana yin romo mai daɗi.

Uwargida ta wanke shi ta yayyanka. Ta soya albasa da tafarnuwa da citta cikin man gyaɗa cokali 2. Ta zuba naman kaza, ta juya har ruwansa ya tsotse. Sa'an nan ta ƙara ruwa kofi 4, da daddawa da gishiri. In ya tafasa minti 10, ta sa taliya da alayyaho. Da taliya ta nuna, sai ta sauke. A sha da zafinsa.

Amma jama'a, a lura! Akwai mai dafi, yana lalata hanta, yana kisa. Dahuwa ba ta kashe dafin, kuma yakan yi kama da mai kyau. Kada a dafa sai wanda masani ya tabbatar. In wani ya ci wanda ba a sani ba, a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira ciwo ya tashi.

Rigakafi ya fi magani.