Gani ya kori ji: a ɗauki hoton ƙashi kafin a ɗora karaya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, karaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaro ya hau gawo domin ya saro wa awaki ganye, reshe ya ɓalle da shi. Raƙumi ya yi tutsu, ya kayar da mai shi a kan hanyar kasuwar Sakabal. Sa ya take ƙafar mai ban ruwa a bakin rijiya. Amalanke ta kife da kaya. Yanzu kuma ga babura, masu kayar da mutane kowace ranar kasuwa.

In haka ta faru, abin da muka saba shi ne a nufi gidan maɗori. Ya ja, ya daidaita, ya jera kara, ya ɗaure. Mutane da yawa sun warke ta wannan hanya. Amma kowanenmu ya san wani wanda hannunsa ya warke a karkace, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta gajarce, ko ma wanda aka yanke wa hannu. Me ya kawo haka? Ƙashi a ɓoye yake cikin nama. Hannun maɗori yana lalube, yana ji, amma ba ya gani. To, a asibiti akwai na'urar da ke gani.

Mene ne hoton ƙashi?

A asibitocinmu ana ce masa radiyo. Ba rediyon da muke sauraren labaru ba ne. Na'ura ce mai fitar da wani irin haske wanda ido ba ya gani. Wannan haske yana ratsa fata da nama, kamar yadda hasken tocila ke ratsa bakin yatsu in ka rufe ta da hannu cikin dare. Amma ƙashi yana tare shi. Saboda haka ƙashi yake fitowa fari a hoto, nama kuma ya fito duhu-duhu. Inda ƙashi ya karye, sai a ga baƙin layi ya ratsa farin.

Wani malami Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a 1895, a garin Würzburg na ƙasar Jamus. A ƙarshen shekarar ya ɗauki hoton hannun matarsa. Aka ga ƙasusuwan yatsunta, har da zoben da ke yatsa. Ke nan fiye da shekara 125 likitocin duniya suna aiki da shi.

Ɗaukar hoton ba ta da zafi. Ba allura, ba yanka. Za a ce ka cire zobe ko munduwa, ka aza hannu ko ƙafa a kan tebur, ka tsaya cik. Cikin ƴan mintoci an gama. Yawanci hoto biyu ake ɗauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, domin karayar da ta ɓuya ta wannan gefe sai ta bayyana ta wancan.

Abin da hoto ke nuna wa likita

Jikin babban mutum yana da ƙashi 206, kuma ba kowace karaya ce iri ɗaya da ƴar'uwarta ba. Wani ƙashin tsagewa kawai ya yi, yana nan a mazauninsa. Wani ya rabu biyu, bakin ɗaya ya hau kan ɗayan. Wani ya farfashe gutsi-gutsi. Wani bai karye ba sam, gocewa ya yi daga gaɓa. Wani kuwa targaɗe ne kawai. Daga waje duka kumburi ne da zafi. Amma maganinsu ya bambanta.

Wanda ya tsage, ɗauri ya ishe shi. Wanda ya hau kan ɗan'uwansa, sai an mayar da shi daidai, in ba haka ba ƙafa za ta gajarce. Wanda ya farfashe, ko wanda karayarsa ta shiga cikin gaɓa, sau da yawa sai an yi aiki an sa ƙarfe. In gocewa ce, da gaggawa ake son mayar da ita. In aka bari ta yi makonni, mayar da ita sai da aikin tiyata.

A kula da yara musamman. A bakin ƙashin yaro akwai wani wuri mai taushi, daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. In karaya ta taɓa wannan wuri kuma aka ɗora ta ba daidai ba, yaro zai girma hannu yana karkacewa. Karayar gwiwar hannu ta yi yawa ga yaran da ke faɗowa daga itace, kuma tana da haɗari, domin jijiyoyin jini suna bi ta nan.

A kula da tsofaffi ma. Tsohuwa ta zame a tsakar gida, ta kasa tashi, ƙafarta ta juya waje. Sai a ce buguwa ce, a yi ta gashi da ruwan zafi. Alhali sau da yawa ƙashin cinya ne ya karye can sama, wajen ƙugu, inda ba hannun da zai iya lalubo shi.

Ba karaya kaɗai ba

Akwai ciwon ƙashi wanda ba faɗuwa ta kawo shi ba. Na farko, tarin fuka. Ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana shiga ƙashin baya ya cinye shi sannu sannu. Mutum ya yi watanni da ciwon baya, yana ramewa, yana zufa cikin dare, har ƙusumbi ya fito, daga baya ƙafafu su mutu. Hoto yana nuna inda ƙashin ya lotsa. In an gano shi da wuri, magani yana warkar da shi, amma sai an sha wata 6 ko fiye, ba tsallake rana.

Na biyu, ƙwayar cuta mai sa ƙashi ya yi mugunya. Yaro ya kama zazzaɓi, ƙafa ta kumbura, ba ya son a taɓa. A nan kar a jira hoto ya yi magana, domin cikin kwana 10 zuwa 14 na farko hoto yana iya fitowa kamar ba kome. A kai shi gidan likita tun ranar farko. In ciwon ya daɗe har gyambo yana zubar da ruwa, hoto ne ke nuna mataccen ƙashin da ya kamata a cire.

Na uku, amosanin jini, wato sikila. Yana hana jini isa kan ƙashin cinya, sai saurayi ko budurwa su fara ɗingishi ba tare da sun faɗi ba. Na huɗu, zaizayewar gwiwa ga masu shekaru. Hoto yana nuna yadda ƙasusuwa biyu suka matso har suna gugar juna.

Sauran na'urori

Radiyo yana ganin ƙashi da kyau, amma ba ya ganin jijiya da tsoka sosai. Saboda haka akwai wasu na'urori. Akwai eko, wadda ake duba mata masu ciki da ita. Da sauti take aiki, tana nuna ruwa ko mugunya da suka taru cikin gaɓa. Akwai sikana, wadda aka fara gwadawa a kan maras lafiya a Ingila a 1971. Tana nuna jiki yanki yanki, kamar an yayyanka rogo. Akwai kuma IRM, mai aiki da maganaɗisu, wadda ke nuna laka da jijiyoyi. Waɗannan biyu na ƙarshe sai a manyan asibitoci, kuma suna da tsada. Likita ne zai faɗi wadda ta dace. Ga yawancin karaya, radiyo ya isa.

Yadda za a yi

In mutum ya karye, kar a ja, kar a murɗa. A tallafe wurin da katako ko kara, a ɗaure sako-sako. A kai shi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Dakoro. Likita zai duba, ya rubuta takardar hoto, ya faɗi inda za a ɗauka. In karayar babba ce, zai aika da shi asibitin Maraɗi, wajen kilomita 120 daga Dakoro. Akwai kuma asibitin Galmi, tsakanin Madawa da Ƙonni, wanda aka buɗe a 1950. A Yamai akwai asibitin CURE, wanda tun 2010 yake gyaran ƙafafu da hannayen yara da suka karkace.

Mace mai ciki, ko wadda take tsammanin tana da ciki, ta faɗa wa likita kafin a ɗauki hoto. Hasken da ke cikin hoto ɗaya kaɗan ne ƙwarai, amma ba a ɗaukarsa ba dalili.

In an ba ka hotonka, ka adana shi cikin ambulan ɗinsa, nesa da rana da ruwa, kar ka naɗe shi. Ka zo da shi duk ranar da za ka koma, domin likita ya gwama shi da sabon hoto ya ga ko ƙashi yana haɗewa. Ƙashin yaro yakan haɗe cikin mako 3 zuwa 6. Na babba yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, na cinya kuwa ya fi haka.

Alamun da ba a kwana da su

Ko ɗorin gida ne ko na asibiti, a riƙa duba yatsu. In sun kumbura ƙwarai, ko sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko mutum ba ya jin su, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, to ɗauri ya matse, jini ba ya wucewa. Cikin sa'o'i kaɗan nama yana fara mutuwa. A sassauta ɗaurin nan take, a kama hanyar asibiti ko da dare ne. Haka nan in ƙashi ya huda fata, kar a zuba magani ko ƙasa a ciki. A rufe da tsumma mai tsabta, a tafi. Wanda ya faɗi a kan baya ko wuya, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, kar a zaunar da shi a kan babur.

Mun san hanya da nisa, kuɗin mota da na hoto kuma da nauyi. Amma ƴan'uwa, mu auna. Akuyar da aka sayar domin hoto, garke zai mayar da ita. Hannun da aka yanke ba ya tsirowa, kuma da shi ne ake riƙe hauya da igiyar guga. Maɗoranmu ma, muna roƙonsu: in an kawo muku yaro, ko karayar da ke kusa da gaɓa, ko mai rauni a buɗe, ku ce a je a ɗauko hoto tukuna. Wannan ba zai rage muku daraja ba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyashe mu da karaya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.