Sammakon 'Yan Makaranta a Tudun Wadan Zariya

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Ƙofar Doka ya ratsa Tudun Wada ya nufi Kongo da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ya ga yadda yara ke tururuwa cikin kayan makaranta iri-iri, waɗansu a ƙafa, waɗansu cunkushe a Keke Napep, waɗansu kuwa uku-uku a bayan ɗan acaɓa, ba lalle ne ya tuna da ɗawainiyar da aka sha a gidaje kafin kowannensu ya fito da fuska a wanke ba.

Unguwar ta daɗe da sabawa da takarda da alƙalami, domin a yankinta aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, nan kusa kuma Kwalejin Barewa ta zauna bayan tasowarta daga Kaduna a 1949. Amma sammakon yara ya girmi boko nesa ba kusa ba, tun da yake almajirin allo da asuba yake ɗaukar allonsa. Sai dai tun da gwamnati ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa a 1976, aka wayi gari kusan kowane gida yana da ƙararrawar da yake tsere da ita, alhali kuwa karatun Alƙur'ani da Islamiyya ba su bar matsayinsu ba.

Abubuwa uku ke cinye safiyar uwargida, wato ruwa da wuta da karin kumallo. Idan famfo bai kawo ba, ɗan garuwa kuma ya makara, ga hazon hunturu na Disamba da Janairu wanda ke sa yaro ya ƙudundune cikin bargo ana ta "Tashi, gari ya waye!" yana jan tsaki, to sai an hura gawayi an ɗumama ruwan wanka, kana a ɗora ɗumame ko a aika sayen koko da ƙosai, kafin nan rana ta ɗaga, bulalar makara tana jira a ƙofar makaranta.

Masu hikima sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, a nan kuwa asirin al'amarin yake. Likitocin yara sun yi ittifaƙi cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12, saboda haka yaron da za a tasa don sallar asuba, wajibi ne ya kwanta ba da jimawa ba bayan lisha. Wanda kuwa aka bari yana kallon talabijin ko latsa wayar yayansa har sha ɗaya, zalunci ne a kira shi malalaci da safe. Haka nan gidan da aka tara ruwa tun da yamma, aka goge kayan makaranta, aka haɗa littattafai da takalma a wuri ɗaya, aka ware kuɗin mota da na tara, ba a cika jin hayaniya a cikinsa ba.

Maigida ma yana da nasa rabon, domin shari'a ta ɗora masa umartar yaro da salla tun yana ɗan shekara bakwai, kuma uban da ya riƙe hannun ɗansa zuwa masallaci ya sauke wa matarsa rabin nauyi. Hakazalika ya kamata a ji tsoron Allah game da 'ya mace, wadda sau da yawa ita ke fara tashi, ta yi shara da wanke-wanke, ta shirya ƙannenta, wani lokaci har da zagayen talla, sannan ta isa aji an riga an yi nisa da darasi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan zargi a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Don haka adalci shi ne a raba aikin safe tsakanin yara maza da mata, kowa ya fita a kan lokaci da addu'ar iyaye a bayansa.