Idan Ƙafa Ta Saki Bayan Zazzaɓi

A Kafin Hausa, da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗejiya, da zarar ƙafar yaro ta saki sai a ce Inna ce ta sha shi. Amma rabon da a ga asalin ƙwayar shan inna a Najeriya tun 2016, a Borno. Ƙafafu kuwa ba su daina saki ba.

Akwai wata lalurar jijiyoyi da ake gado, wadda Charcot da Marie a Faransa, da Tooth a Ingila, suka bayyana a 1886. Tana samun kusan mutum 1 cikin 2,500. A hankali take cin mutum: ƙwauri ya sirance, tafin ƙafa ya lanƙwashe, silifa ya riƙa zamewa, tuntuɓe ya yi yawa. Wasu nau'o'inta sun fi fitowa inda auren zumunci ya yi ƙarfi, mu kuwa nan ba baƙonmu ba ne.

Jijiya kamar wayar lantarki take, da rigar da ke kare ta. A wurin masu wannan gado, rigar ko wayar dama can ba ta da ƙwari. To, sai mura ko gudawa ta zo, irin wadda ke bin ambaliya kamar ta 2022. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar ƙwayar cutar, sai ta ɓata hanya ta hau cin jijiyar mai ita. Wannan kumburin jijiya, wanda aka bayyana a 1916, shi likitoci ke kira Giyan-Bare, kuma an ga ya ƙaru a Birazil lokacin annobar Zika ta 2015. Yana iya kama kowa, amma mai rarraunar jijiya ba shi da rarar da zai yi asara.

A nan haɗarin yake. Dangi su ce “ai ciwon gidansu ne”, a shimfiɗa masa tabarma a ci gaba da jiƙe-jiƙe. Alhali ciwon gado shekaru yake ɗauka, wannan kuwa cikin kwanaki yake hawa daga ƙafa zuwa hannu, wani lokaci har ya taɓa numfashi. Kuma yana da magani: ƙarin ruwan garkuwa ko tace jini, waɗanda suka fi amfani a makonni biyun farko.

Duk wanda ƙafarsa ta saki farat ɗaya bayan zazzaɓi, a kai shi babban asibitin Kafin Hausa ko na Haɗejiya a ranar, a kuma gaya wa likita tarihin gidan, ko da za a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.