Waɗanda Ba Su Da Sarki

A Kano makafi na da sarkinsu, kutare na da nasu, guragu ma haka. Ko da ana sukar tsarin cewa bara yake rayawa, ya ba su bakin magana a fada da gaban hukuma. Rukunin da ba shi da sarki shi ne na manyan da aka haifa da jinkirin fahimta, ko suka gamu da shi tun suna goye, sanadiyyar doguwar naƙuda, shawara, sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Duk ɗan cikin badala ya san irinsu. Mutum ne ɗan shekara talatin a kan dakalin ƙofar gida, ana aikensa sayen gawayi da kuɗin a dunƙule a hannu, yara na binsa da "gaula, gaula". Ba taɓin hankali gare shi ba, don haka asibitin Dawanau ba wurinsa ba ne. Gidan Torrey kuwa, inda ake kula da masu irin wannan lalura, don yara aka yi shi. Shi ya sa tambayar uwarsa ɗaya ce: "In na mutu, wa zai riƙe shi?" In mace ce abin ya fi nauyi, domin akan ɓoye ta a ƙuryar ɗaki don gudun ɓata-gari.

Doka dai akwai ta. Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar hana wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma a 2020. To amma wa zai cika wa wannan bawan Allah fom ɗin neman aiki?

Abin koyi bai yi nisa ba. Ƙungiyar waɗanda shan-inna ta kama, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta fid da mutane daga bara ta hanyar ƙera kekunan guragu. Mai jinkirin fahimta shi ma yana iya sana'a, sai dai koyonsa na son maimaici da haƙuri: bugun shadda, wankin hula, ɗaurin kaya a Kasuwar Kurmi. A ganina, maimakon buhun shinkafar azumi, gara Hukumar Zakka da Hubusi da attajiran Kantin Kwari su riƙa biyan ubangidan da zai koya masa aikin, a kuma sa wakilin da zai dinga leƙawa, saboda wanda bai iya ƙirga canji ba shi aka fi cinye wa lada.