Ladubban wurin wanki lokacin annoba: bakin rijiya, famfo da sansani



Duk shekara in damina ta kankama, tabkuna suka cika, maganar amai da gudawa takan dawo bakin mutane a jahar Maradi. Mun saba jin gargaɗi kan ruwan sha da wanke hannu, kuma gargaɗin na kan hanya. Amma akwai wani wuri da ba a cika magana a kansa ba, alhali kusan kowane gida a nan Kornaka yana da mai zuwa can, wato wurin wanki. Bakin rijiya ne, ko gefen famfo, ko bakin tabki, ko dandamalin siminti da ake ginawa a sansani. Wuri ne na kowa da kowa: matar gari, da matar ruga da suka yada zango kwana biyu, da almajiri, da mai wanki da guga, duk nan ake haɗuwa.

Abin da muke so mu fahimta yau abu ɗaya ne. Ruwan da muka zubar bayan wanki ba a ƙafarmu yake tsayawa ba, wajen wanda zai zo bayanmu yake tafiya. Duk ladubban da za mu lissafa daga nan suka taso.

Me ya haɗa wanki da annoba?

Ƙwayar cutar kwalara tana fita ne cikin zawo da aman mai ciwo. In ta shiga ruwa ko abinci, wani ya sha ko ya ci, to ta samu sabon gida. Alamunta kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5. Abin da ya fi wuya shi ne, yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kaɗan, amma ƙwayar tana fita cikin bayan gidansu har zuwa kwana 10. Ke nan zanen goyo, da tsumman jariri, da wandon yaro, da shimfiɗar mai jinya, duk suna iya ɗauke da ita ba tare da mai wankin ta sani ba.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A shekarar 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa cikin watan Yuli, kuma kafin ta lafa mutum sama da dubu 3 sun kamu a ƙasar. A 2021 ta sake dawowa, ta kama sama da mutum dubu 5 a Nijar, jahar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2017 kuwa, ciwon hanta nau'in E ne ya bazu a jahar Diffa, musamman a wuraren da ƴan gudun hijira suka taru, kuma mata masu juna biyu ya fi yi wa ɓarna. Shi ma ta ruwan da ƙazanta ta taɓa yake bi.

Akwai wani tsohon labari na gaskiya da ya dace da maganarmu. A shekarar 1854, a birnin Landan na ƙasar Ingila, kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwa guda. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida, ya gano cewa yawancin mamatan daga famfo ɗaya suke shan ruwa, har ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka ci gaba da bincike, sai aka gano wata uwa ce take wanke tsumman jaririyarta marar lafiya, tana zuba ruwan wankin a wani rami da bai kai mita 1 ba daga rijiyar famfon. Baiwar Allah ba ta yi da mugunta ba, ɗiyarta take jinya. Amma ruwan wankinta ya bi ƙasa ya shiga ruwan shan unguwa.

Ladabi na farko: a ja da baya daga bakin ruwa

Mun san dalilin da ke sa a yi wanki dab da rijiya. Rijiyoyinmu na wannan yanki suna da zurfi, jan ruwa aiki ne, ɗaukarsa zuwa nesa kuma wani aikin ne. To amma wahalar ɗaukar jarka ba ta kai wahalar jinya ba. Ma'aunin da masu aikin ruwa da tsafta ke bi shi ne mita 30 tsakanin wurin ɗibar ruwa da duk ramin da ƙazanta ke shiga. In ba mu da abin awo, mu ƙirga taku 40 na babban mutum. Kuma wurin wankin ya kasance ta gangare, yadda ruwan zai gudu ya bar rijiya, ba ya nufo ta ba.

A haƙa ɗan rami, a cika shi da tsakuwa ko fasassun duwatsu, ruwan wanki ya dinga shiga yana nutsewa. Wannan ya fi a bar shi kwance ya zama caɓi, yara na wasa ciki, sauro na hayayyafa, awaki na sha.

Tabki kuma, mu faɗa wa juna gaskiya: ruwansa ba ya tafiya ko'ina. Abin da aka wanke a cikinsa da safe yana nan har yamma. A ɗebo ruwan a fito da shi waje, a yi wanki a tudu. Kada a shiga ciki da kaya, balle kayan marar lafiya.

Ladabi na biyu: guga na rijiya ne, baho na wanki ne

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mace na cikin wanki ruwa ya ƙare, ta miƙe da hannunta cike da kumfa ta kama igiya, ta zura guga. Ko kuma a ajiye gugan cikin caɓi, a sake jefa shi rijiya. Ko a tsoma kofin da ya taɓa bahon wanki cikin jarkar ruwan sha.

Mu raba su. A ɗebi duk ruwan da ake bukata tun kafin a jiƙa kaya. In dole sai an ƙaro, a wanke hannu da sabulu tukuna, ko a roƙi wadda ba ta fara wanki ba ta jawo. A kafa reshe ko ƙarfe a dinga rataye guga da igiya. A bakin famfo kuma, kada a ɗauraye kaya kai tsaye a ƙarƙashin bakinsa, inda wata za ta tara jarkar ruwan sha. Komin shayar da dabbobi ma ba wurin ɗauraya ba ne.

Aron baho da sabulu al'adarmu ce mai kyau, ba mu ce a daina ba. Sai dai wadda ta ara ta wanke shi tas kafin ta mayar, ta kife shi a rana ya bushe.

Ladabi na uku: kayan marar lafiya ba sa zuwa wurin jama'a

In akwai mai amai da gudawa a gida, abu na farko shi ne a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin leda, a kaɗa leda guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsafta, a garzaya da shi likita ba tare da jiran gari ya waye ba. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awowi kaɗan.

Kayansa kuma a gida za a fara da su. A kankare ƙazantar a zuba cikin masai, don ruwan jabel ba ya aiki sosai in ƙazanta ta yi yawa. Daga nan akwai hanya biyu. Ko a tafasa kayan cikin ruwa na minti 5, ko a jiƙa su minti 10 cikin ruwan jabel da aka surka. Irin jabel ɗin da aka rubuta 2,6% a jikin robarsa, ana zuba awo 1 cikin awo 12 na ruwa. Amma ƙarfin jabel ya bambanta daga roba zuwa roba, don haka a nuna wa ma'aikacin CSI ko na ɗakin shan magani ya faɗi awon da ya dace. Kada a haɗa jabel da wani magani, kada a surka na kwana biyu a ajiye, don rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Bayan haka sai a wanke da sabulu, a ɗauraye, a shanya a rana. Ruwan wankin ya tafi masai ko ramin da za a rufe, ba lungu ba, ba bayan darni ba.

Haka ma tsumman jarirai, ko da yaron lafiyarsa ƙalau. Da yawa daga cikinmu mun taso da jin cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Ta fuskar cuta wannan magana ba ta da tushe, yana ɗauke da ƙwayoyi kamar na babba.

Ladabi na huɗu: layi da tazara

Kowace cuta da hanyarta. Lokacin korona, wadda aka fara samu a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, haɗarin wurin wanki ba a cikin ruwa yake ba, a cikin cunkoso yake, don ita ta numfashi da tari take bi. Shi ya sa aka ce a bar tazarar akalla mita 1, a rufe baki da hanci, kuma kada a kakkaɓe kayan marar lafiya kusa da mutane. Duk wata cuta mai bin numfashi, wannan dokar ce.

Wurin wanki wurin hira ne, mun sani. A nan ake jin labarin biki da suna. Amma in annoba ta shigo, a raba lokaci: wasu da sassafe, wasu da hantsi, wasu da la'asar. Mai tari da zazzaɓi ta zauna gida, maƙwabciya ta taimaka mata da ɗibar ruwa. A ba tsofaffi da masu juna biyu hanya su gama da wuri. Wadda ta gama wankinta ta share wurin, ta kwara ruwa, ta kwashe ledojin omo, sannan ta ba wata. Shanya kuma a kan igiya ko darni, ba a ƙasa inda kaji da ƙudaje ke bi ba. Kada a taɓa shanyar wani, kada a ɗora jiƙaƙƙen kaya a kan nasa.

Yaran da muke zuwa da su, a zaunar da su a inuwa nesa da ruwan wanki. Uwa kuma in za ta ba da nono ko ta miƙa wa yaro abinci, ta wanke hannu da sabulu da ruwa mai kyau, ba da ruwan baho ba.

A sansani da zango

Tun 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jahar Maradi saboda matsalar tsaro, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. A irin waɗannan wurare, ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce kada mutum ya wuce 100 a wurin wanki ɗaya, kowane mutum ya samu akalla lita 15 ta ruwa a rana, da giram 200 na sabulun wanki a wata. Wannan haƙƙi ne da shugabannin sansani za su iya tambaya in ya gaza. Amma ko an gina dandamali mai kyau, in magudanarsa ta toshe ba mai gyarawa, ya zama gidan cuta. A samu kwamitin mata masu kula da shi, a dinga karɓa-karɓa wajen shara.

Makiyaya kuma, da ke ratsa ƙasarmu suna hawa arewa da damina suna gangarowa bayan girbi, rijiya ɗaya muke sha da su. In sun yada zango, mai gari ko mai kula da rijiya ya nuna musu wurin wanki cikin mutunci, kamar yadda ake nuna wa baƙo alƙibla. Dokar da ta hau kansu ita ce ta hau kan ƴan gari. Cuta ba ta tambayar ƙabila.

Kada mu kunyata kowa

Wannan shi ne ladabin da ya fi sauran nauyi. In gidan da ke da marar lafiya ya ga ana nuna shi da yatsa, ana gudunsa, to matar gidan ba za ta daina wanki ba, lokaci kawai za ta canza. Za ta fito da asuba ko da dare, lokacin da ba mai ganinta, ta tsaya dab da bakin rijiya don ta yi sauri. Kun ga ke nan gorin da muka yi ya dawo cikin randarmu.

Maimakon haka, mu kai mata ruwa har ƙofar gida, mu ba ta sabulu da ɗan itacen tafasa kaya. In mun ga wata na wanki inda bai dace ba, mu ce: «Yaya, kawo in kama miki bahon mu matsa can.» Wannan ya fi tsawa aiki.

Kiranmu ga masu gari, da limamai, da kwamitocin ruwa na Kornaka, Ajekoriya, Ɗan Gulbi, Mayara da Sabon Mashi shi ne, tun annoba ba ta zo ba, kowane gari ya ware wurin wanki, a auna taku 40, a haƙa ramin ruwa, a kafa abin rataye guga. Aikin yini guda ne na samarin gari. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu daga annoba. Amin.