Karkacewar Fuskar Yaro: Laifin Daga Ƙeya Yake Farawa

A Zangon Wagadugu, kamar kowane zango, idan aka ga yaro haɓarsa ta karkace sai a ce halitta ce, ko kuma iska ta shafe shi. Amma likitoci sun ce sau da yawa tun daga shimfiɗar jego abin ke tasowa.

Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, maɗiga ma sai wajen wata 18 take rufewa. Shi kuwa muƙamuƙi a jikin ƙoƙon kai yake rataye, dab da gaban kunne. To, idan jariri kullum a ɓangare ɗaya yake ɗora kai, misali dama, sai ƙeyar dama ta baje, kunne da goshin dama su turo gaba, mahaɗar muƙamuƙin ta bi su, haɓa kuma ta kalli hagu. Wani lokaci naman wuyan ne ya ɗaure tun haihuwa, shi ya sa yaron ya ƙi waiwayar ɗaya gefen.

A Amurka abin ya yawaita bayan 1992, lokacin da likitoci suka umarci a riƙa kwantar da jarirai rigingine don rage mutuwar farat ɗaya cikin barci. Shawarar tana nan daram. Juya kan kawai ake yi, yau dama gobe hagu. Mu goyo ya taimake mu, sai dai uwar da ke wuni a rumfa a Rood Woko ko Sinkase ta lura da inda kan yake kallo. Dannar da ungozoma ke yi da ruwan ɗumi kam ba ta sake ƙashi.

Akwai waɗanda suka fi haka haɗari. Yaron da ya faɗi a kan haɓa, mahaɗar na iya karyewa ta ƙage, ɓangaren ya daina girma, baki ya ƙi buɗuwa. Sai cutar noma, mai cinye kumatun yaro marar isasshen abinci cikin 'yan kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023.

Duk yaron da cokali ba ya shiga bakinsa, ko dasashinsa ya kumbura yana wari, kada mu jira a tashi kasuwa. Ga asibitin Yalgado Ouédraogo da na yara na Charles de Gaulle a Wagadugu. Masu bin hanyar Illela kuwa, akwai Asibitin Noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, kuma aikin gyaran fuskar masu noma a can kyauta ne.