Layar Wuyan Tsofaffinmu Da Wayar Tarho



Ran nan na je gaishe da wata gyatuma cikin iyayenmu, na ga wani abu rataye a wuyanta kamar laya, da maɓalli ja a tsakiya. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce kadan ta faɗi ba kowa a gida, shi za ta danna a kawo mata gudunmawa. Jikanta, wanda ya ke koyon aikin lantarki, shi ya bayyana mini yadda abin ya ke.

Layar nan ba ta magana da kowa sai wani akwati da ke kusa da tarho. Cikin akwatin akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ba ta fi ƙumba ba. Ita kamar ƙolo ce da ya hardace allo ɗaya tak: in an danna, ta kira lamba kaza, ta faɗi ko wane gida ne. Amma lissafi kaɗai ta sani, wayar tarho kuwa sai sauti ta ke ɗauka. Saboda haka a kan haɗa irinta da wani tafinta, watau modem, mai juya lambobi su zama sauti. Siraran wayoyi ke tsakaninsu, ɗaya ta aike, ɗaya ta karɓa. Yawancin modem da haruffan AT a ke ba su umurni, bisa ƙa'idar da kamfanin Hayes na Amurka ya fito da ita a 1981. In aka rubuta ATD da lamba, sai ya buga.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsohuwar wayar jan ƙarfe daga ofishin waya ta ke samun wutarta, ko an ɗauke lantarki a gida tana aiki. Kamfanin BT ya shirya rufe ta a ƙarshen 2025, a mai da tarho duka kan intanet, sa'an nan a 2024 ya ɗaga wa'adin zuwa ran 31 ga Janairu, 2027. Sabuwar hanyar da wutar gida ta dogara. Bayan wannan kuma ta kan jirkita sautin tsofaffin akwatuna, kiran ya tafi amma ba a gane shi can. A watan Disamba 2023 manyan kamfanonin waya suka yi wa gwamnati alkawari ba za su sauya wa mai irin wannan akwati layi ba sai an tabbata zai yi aiki. Hukumar Ofcom kuma ta wajabta musu su yi wa wanda ya dogara da tarhon gida tanadin da zai iya kiran 999 har awa ɗaya a ƙalla in wuta ta ɗauke.

Amma fa kamfani bai san abin da ke wuyan uwarka ba sai ka faɗa masa. Iyayenmu da yawa takardar Turanci ta kan zo su ajiye ƙarƙashin matashi. Don haka kowa ya je ya duba nasa. Ka shaida wa kamfanin waya akwai akwatin, ka tambayi waɗanda suka ba da shi ko ya dace da sabon layi, ka nemi batir, sa'an nan ku danna maɓallin tare ku ji an amsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, amin. Haza wasalam.